Maiɗakina Ce Ta Sayar da Motar

Motar farko da na mallaka doguwa ce, 'yar Kwatano, mai ruwan toka, irin wadda ake kwantar da kujerun baya a loda kaya. Ko lokacin da na saye ta ba yarinya ba ce. A hannuna kuma ta yi shekaru tana kai ni aiki Abuja daga gidanmu na Kwamba a Suleja, ta dawo da ni da yamma. Duk kaka a bayanta muke ɗauko doya da buhun masara daga Gawu, kuma babu wata maƙwabciya a layinmu da naƙuda ta kama ba a buga mana ƙofa ba saboda ita.

Da man fetur ya yi tashin da kowa ya sani, sai motar ta zame mini nauyi. Shan mai gare ta kamar me. Kafin wata ya raba tsakiya na fara ajiye ta ina bin motar haya, sai ranar da albashi ya shigo in sake tayar da ita. Wani abokin aikina ya ce in daina wahalar da kaina, in kai ta wurin dilan motoci a yi musaya: in bar musu tawa, in ba da ciko, in ɗauki ƙarama mai tsimin mai. Rana ɗaya an gama.

Na gaya wa maiɗakina. Ita sana'arta sayar da atamfa da leshi, a ɗakin da ke bakin ƙofar gidanmu. Mace ce mara hayaniya, amma na sha jin ta ta taga tana ciniki da mata, da wuya mai saye ta fita ba da ƙunshi a hannu ba, kuma ta fita tana dariya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce:

"Abban yara, ranar da za ka je ka tafi da ni."

"Wurin motoci? Me za ki yi a can?"

"Kallo. Ban taɓa ganin yadda ake cinikinsu ba."

Ranar Asabar muka je. Fili ne babba a gefen titin da ya nufi Abuja, an kewaye shi da waya, motoci jere suna walƙiya a rana. Mai wurin dattijo ne mai jiki, gemunsa ya fara furfura, yana zaune a kan benci ƙarƙashin rumfar kwano. Ya tarbe mu da fara'a, ya sa aka ba maiɗakina kujera. Shi da kansa ya zagaya motar. Ya buɗe gabanta, ya zaro sandar baƙin mai ya murza a yatsa, ya ce in tayar, ya kasa kunne yana jin kukan injin. Duk da farin kaftaninsa ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. Daga nan ya nuna mini wata ƙaramar mota ja a can ƙarshen layi. Ina shiga na riƙe sitiyarinta na ji ta kwanta mini a rai.

Da muka dawo benci ya faɗi kuɗin da ya yi wa tawa, ya faɗi cikon da zan bayar. Na ji kuɗin sun yi ƙasa, amma na riga na hango kaina gobe ina tuƙa jar motar zuwa ofis. Ina shirin neman ragi kan cikon, sai na ji muryar maiɗakina daga kujerarta.

"Alhaji, don Allah in yi tambaya?"

"Bismillah, Hajiya."

"In mun bar maka ita yau, nawa za ka sayar da ita?"

Na ji kunya ta kama ni, na ɗauka ransa zai ɓaci. Sai dattijon nan ya yi dariya har da buga cinya.

"Hajiya 'yar kasuwa ce ke nan."

"Atamfa nake sayarwa."

"To, ai kin san zancen. Zan wanke ta, in yi mata fenti, in sake rigar kujeru. Za ta zauna a filin nan tana cin wuri, wataƙila wata biyu, wataƙila fiye, ina biyan mai gadi, ina biyan haya. Sannan in sayar da ita da riba mai kyau, ba zan ɓoye miki ba. Wannan ribar ita ce ladan jiran da na yi. In kuna da haƙuri, kuna da lokacin sauraron mutane, ku sayar da kanku, za ku fi samu. In kuma sauri kuke yi, ga mota can, ku tafi da ita yau."

"Za ka iya ajiye mana jar?"

"A'a. Wannan kam ba zan yi alkawari ba. Wanda ya riga kawo kuɗi shi ne mai ita."

Ta yi masa godiya, ta karɓi lambar wayarsa. Muka fito da motarmu yadda muka shiga da ita.

A hanya na zazzage mata abin da ke raina. Na ce ni ba ni da lokacin zama jiran masu saye, da asuba nake fita, da magariba nake dawowa. Na ce sayar da mota a gida jawo baƙin ido ne, kowa da kowa zai san ƙofarmu. Na ba ta labarin mutumin da aka karɓi makullinsa da sunan gwaji, har yau ba a dawo ba. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, ita ma ba ta musa ba. Sai da muka shigo Kwamba, muna bin bayan wani mai keke a hankali, ta ce:

"Ka bar mini ita zuwa ƙarshen wata. In ban sayar ba, mu koma wurin Alhaji, ba zan ƙara cewa komai ba."

Washegari ta sa aka kira bakaniken da ya daɗe yana duba mana motar. Ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta kawo masa kunun zaƙi, ta ce ya faɗa mata duk ciwon da ke jikin motar nan, kada ya rage mata komai. Ya ce injin lafiya lau yake. Lagireto ne ke ɗigar da ruwa kaɗan-kaɗan, in an shiga gosulo sai ta yi zafi, dole a riƙa duba ruwa kowace safiya. Ƙofar baya ta hagu kuma ba ta buɗuwa ta ciki. Ta sa ya nuna mata lagireton da yatsa, ya nuna mata inda ake zuba ruwan, ta maimaita sunayen har suka zauna mata a baki.

Wani maƙwabcinmu ya ba da shawarar a yi mata fenti mai arha, a zuba baƙin mai mai kauri don injin ya yi laushin murya. Ta ce fentin dai a bar shi, wanda zai saya ya ga fuskarta ta gaskiya. Abin da ta yi shi ne wanki. Ita da yara suka fitar da tabarmin ƙasa, suka goge kujeru da burushi, suka tono ƙwayar masara da ɓawon gyaɗa na shekaru daga lungunan da ban san akwai su ba. Ta ɗauki hotunanta ta kowane gefe, har da wurin da na taɓa gogar gini, ta tura wa matan da ke sayen kayanta, ta ce su nuna wa mazajensu.

Mutane suka fara zuwa. Da yake ba na nan da rana, ta kafa doka: kallo kowane lokaci, a ƙofar gida, a gaban masu shagon layi, amma makulli ba ya fita sai Asabar ko Lahadi in ina gida, kuma ni zan zauna a gefen mai gwaji. Da yamma in na dawo sai ta ba ni labari. Akwai wanda ya zo ya zagaya motar ya harbi taya da ƙafa, ya taya ta kuɗin da ko babur ba za su saya ba. Ta ce masa albarka, ta koma ɗakin atamfarta. Akwai dillalai da suka zo suna cewa suna da mai saye a hannu, ta ba su motar su nuna masa. Ta ce su kawo shi, la'adarsu tana nan. Ba su dawo ba. Akwai manomin da ya zo daga wajen Gawu, ya so motar ƙwarai, amma da ta gaya masa zancen lagireto sai ya ce hanyar gonarsa ba ta da bakanike. Ta ce gaskiyarsa, ta ba shi ruwa ya sha, suka rabu lafiya.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani saurayi ne ɗan gayu, ya zo ranar wata Asabar da hantsi, yana ƙamshin turare, rabin maganarsa Turanci. Muka zagaya da shi har bakin kasuwa muka dawo. Bai nemi ragi ba ko kaɗan. Ya karɓi lambar asusuna, ya danna wayarsa, ya juyo mini da fuskarta.

"Oga, ga shi nan, ya tafi. Za ka ga alat yanzun nan."

Ai kuwa sai wayata ta yi ƙara, saƙo ya shigo da adadin kuɗin cif. Na sa hannu a aljihu zan ciro makulli. Maiɗakina tana tsaye a bakin zaure da mayafinta, ta ce:

"Abban yara, duba cikin asusun kansa tukuna."

Na duba. Babu abin da ya ƙaru. Saurayin ya ce matsalar natwok ce, yana sauri, ana jiran sa a Abuja.

"Ba komai, ƙanena," in ji ta. "Ga benci nan, zauna a inuwa. In natwok ɗin ya dawo sai ka tafi da motarka. In kuma ya kai Litinin, sai mu haɗu a banki."

Ya zauna na 'yan mintoci, ya ce bari ya sayo kati a bakin titi. Ko waiwaye bai yi ba. Da na tambaye ta yadda aka yi ta gane, ta ce ba ganewa ta yi ba. An taɓa yi wa wata ƙawarta haka a kan turmin leshi, tun daga nan ba ta sakin kaya sai ta ga kuɗi a ciki. Sannan ita ba ta taɓa ganin mai sayen gaske da bai nemi ragi ba.

Mai sayen gaske kuwa ta ɗakin atamfa ta shigo. Wata mata ce 'yar kudu, Kirista, da kowa ke kira Madam. Tana haya a unguwar Iku da mijinta, tana da shagon kifin ƙanƙara da kaji. Ta daɗe a Suleja, Hausarta ta nuna, sai dai in tana magana takan mai da namiji mace. Ta zo zaɓen atamfar anko ta matan cocinsu, tana cikin ɗaga turame tana ƙorafin yadda masu keke ke cinye mata riba wajen ɗauko katan-katan na kifi. Maiɗakina ta ce ta leƙa waje ta ga wani abu. Madam ta ga faɗin bayan motar, ta auna da hannuwanta, ta ce katan nawa zai shiga nan.

Ranar Lahadi bayan sun taso daga coci ta dawo da mijinta da bakanikensu. Mijin dattijo ne mai sanyin hali, tsohon ma'aikaci, shi ne zai riƙa tuƙi. Kafin bakaniken ya taɓa komai, maiɗakina ta ce:

"Madam, tsaya in gaya miki da bakina. Lagireto yana ɗiga, kullum da safe sai an duba ruwa. Ƙofar nan ba ta buɗuwa ta ciki. In ban da waɗannan biyun, lafiyarta ƙalau."

"Hajiya, ke kina sayarwa ne ko kina kore ni?"

"Sayarwa nake. Ba na so ki dawo gobe ki ce ban faɗa ba."

Aka gwada mota, bakanikensu ya ce abin da ta faɗa shi ya gani. Sai aka zauna ciniki. Ni da mijin Madam muka koma kan benci muna hirar ramukan hanya da tsadar taki, muna jin su daga ciki. Madam ta taya, maiɗakina ta ce albarka. Madam ta ce ai tsohuwa ce, ta kusa yin jika. Maiɗakina ta ce tsohuwar da ke hawa tudu da buhu shida ba ta tari. Madam ta tashi ta ɗauki jakarta har bakin ƙofa, ta dawo ta ce ta manta ba ta zaɓi ɗankwali ba. Ranar ba a daidaita ba. Mijin ya dube ni ya ce, "Malam, ni da kai mu yi haƙuri, waɗannan sun fi ƙarfinmu."

Sai da suka yi zama uku. A na ƙarshe na ji dariya ta tashi, na ji tafi, na ji maiɗakina ta ce, "Na sallama, Allah ya sa ki ci riba da ita." Washegari na nemi izini a ofis, muka tafi banki mu huɗu, kuɗi suka shiga a gaban idonmu. Aka yi takardar canjin mallaka, mai unguwarmu ya sa hannu a matsayin shaida, na miƙa musu takardun motar duka. Abin da muka samu ya ɗara tayin dila nesa ba kusa ba. Da suka ja motar suka fita daga layin, autarmu ta fashe da kuka, uwar ta ɗauke ta ta shiga ciki da sauri.

Da yamma muka kira Alhaji. Ya ce jar motar ta tafi tun makon jiya.

Damina ce ta sauka a lokacin. Na koma bin motar haya kullum, mu huɗu a kujerar baya, wani lokaci ruwa ya dake ni a bakin titi kafin in samu. Ba zan ce ban yi mita ba. Na sha dawowa da jiƙaƙƙen takalmi in ce da mun yi musaya da yanzu ina cikin motata. Takan karɓi takalmin ta cusa masa tsohuwar jarida ta ajiye kusa da murhu, ta ce, "Gaskiya ne. Wannan kam ni na jawo maka." 

Ana cikin haka, wata Asabar da azahar, keke ya tsaya a ƙofarmu, Madam ta diro fuska a murtuke. Ɗakin atamfa cike yake da mata. Tun daga zaure ta fara ɗaga murya. Motar ta ƙi shiga giya a tsakiyar hanya, bayanta cike da kifi, rana tana dukansa. Sai da suka ɗauki keke biyu aka kwashe, wani kifin ma ya riga ya saki.

"Kin ce abu biyu ne! Hajiya, na yarda da ke kamar 'yar uwata!"

 Ni ina daga ciki jinina ya fara hawa, don ciniki ya ƙare, bakanikensu ya duba, an sa hannu. Maiɗakina ta miƙe, ta ba matan haƙuri ta ce su dawo gobe, ta rufe ɗakin, ta yafa mayafi.

"Madam, muje in gani. Abban yara, kira mana bakanike ya same mu a can."

Muka tarar da motar a gefen titi, mijin Madam yana zaune a ciki ya rafka tagumi. Aka ja ta zuwa gareji. Bakanikenmu da nasu suka sauke giyar tare, suka buɗe. Wani ƙarfe ne a ciki ya cinye, ya daɗe yana ci a hankali. Dukansu biyu suka ce babu mai iya sanin haka sai an buɗe. Madam ta ji da kunnenta, ta sauko, har ta fara cewa a yi haƙuri da abin da ta faɗa cikin fushi. Ni na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Sai maiɗakina ta tambayi kuɗin gyaran, ta ce rabi a kanta.

A gida na ce mata ba dole ba ne, ko gaban alƙali aka je ba mu da laifi.

"Na sani," ta ce. "Amma ni na dubi idonta na ce in ban da abu biyu lafiyarta ƙalau. Ashe uku ne. Ban sani ba, amma bakina ne ya faɗa. Kuma a hannunmu ƙarfen ya cinye, ba a hannunta ba. Kada ka taɓa kuɗin motar, daga na atamfa zan bayar."

Haka ta yi. Ta fasa sarin da ta yi niyya na wannan watan. Na daɗe ina juya abin a raina. Da dila muka bai wa motar, da duk wannan ba ruwanmu, shi zai ji da giyar, shi zai ji da mai saye, kuma da ban sha ruwan sama ba. Sai a lokacin na fahimci abin da dattijon nan yake karɓar ribarsa a kai. Amma ko da aka cire kuɗin gyaran da na motar hayar da na yi ta biya, abin da ya rage a hannunmu ya fi abin da musaya za ta bar mana. Madam kuwa ta kawo matan cocinsu gaba ɗaya, ankon Kirsimeti na shekarar a ɗakin maiɗakina aka yanke shi. Har yanzu motar tana nan tana jigilar kifi tsakanin gari da Iku, mijin yakan danna mini ham in mun haɗu.

Wajen ƙarshen damina Alhaji ya kira, kuma wayarta ya kira, ba tawa ba. Ya ce wata ƙarama ta shigo, fara, ta fi jar lafiya, in Hajiya tana so ta zo da bakanikenta. Muka je mu uku. Wannan karon da kuɗinmu a hannu muka je, ba mu da abin da za mu roƙa a karɓa. Bakanike ya shiga ƙarƙashi ya fito, ya ce a saya. Ni na zauna a benci, aka kawo mini shayi, ita da Alhaji suka shiga ciniki. Ya rantse ta fi shi taurin kai, ta ce ai shi ya koya mata. Aka yi kiran la'asar ba su gama ba, muka yi salla muka dawo, sannan ya ɗaga hannu ya ce ya sallama, ya ƙara mana da sabuwar tayar safaya.

Muka sallami bakanike, muka biya makarantar Islamiyya muka ɗauki yara. Suka cika kujerar baya suna ture juna, babban yana cewa ƙafarsa ba ta da wurin miƙewa, ƙaramar tana tambayar inda za a sa doya. Na juya zan ce wa uwarsu ta ba su amsa, sai na ga ta jingina kai da gilashi, barci ya ɗauke ta, jakarta a rungume a ƙirji. Na ce wa yaran su rage murya, na rage gudu, muka bi ta cikin gari a hankali har gida.